Wake, Gyaɗa da Tsakuwa Huɗu

Ranar Asabar, shida ga Fabrairun 1993, bayan la'asar, Dada Mero ta sauka daga motar Yola a tashar Jalingo tare da ɗanta Siddiq. Kwanansu ashirin da bakwai ke nan da barin gida, sun taka ƙasashe uku: Kamaru, Afirka ta Tsakiya da Chadi. Ta yi tafiyar ne don ta ga fuskokin 'yan'uwanta uku kafin idonta ya rufe. Ta ga biyu. Siddiq ya koma bakin aiki ranar Litinin da safe, daidai ranar da takardar hutunsa ta ce.

Maganar ta faro ne a watan Oktoba, a ɗakin wani likitan ido a Yola. Likitan ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, hawan jinin ido ne. Na hagu ya kusa tafiya. Na dama zai iya kai wata shida, ko shekara idan an dage da maganin ɗigawa. Mero, mai shekara sittin da shida, ba ta tambayi likita komai ba. Sai da motar dawowa ta wuce Mayo Belwa sannan ta ce wa ɗanta, "Hutunka na shekara kwana nawa ne?"

"Ashirin da takwas, Dada."

"To, kada ka taɓa shi."

Mero da 'yan'uwanta su huɗu ne uwa ɗaya uba ɗaya. Sajo ne babba, ya bi shanu har ya zauna a Buwar, cikin Afirka ta Tsakiya. Sai Mero, wadda aure ya kawo Jalingo. Sai Hadi, mai sayar da fata a Lere ta ƙasar Chadi. Auta ita ce Aishatu, tana aure a Garwa, cikin Kamaru. Rabon da Mero ta sa ɗayansu a ido tun zaman makokin mahaifinsu a 1964.

Siddiq ma'aikacin safiyo ne, shekararsa goma sha ɗaya yana auna ƙasa, kuma ya yarda da taswira kamar yadda ya yarda da tafin hannunsa. Ya shimfiɗa babbar taswira a teburin ofis, ya ɗora rula, ya auna, ya raba da gudun mota. A kwana biyu ya gama tsari, ya buga shi da tafireta. Garwa da fari, tunda ita ce kusa, sai Lere, sai Buwar, kwana ɗai-ɗai a kowane gida. Da ya ga kwanaki sun ragu masa da yawa, sai ya ƙara jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde, ya ƙara Duwala don tsohuwa ta ga teku.

Abokin aikinsa Matiyu, mutumin Zing, ya leƙo ta kafaɗarsa ya karanta.

"Oga, wannan ziyara ce ko tseren keke?"

"Lissafi ne. Kilomita ba ta ƙarya."

"Kilomita ba ta da dangi, shi ya sa. Ni mamana ko nan Zing na kai ta, kafin ta gama gaida mutanen layi ɗaya hutuna ya ƙare. Kai kana so ka zaga da taka ƙasa uku kamar wasiƙa."

Siddiq ya yi dariya, ya naɗe takardarsa ya tafi da ita gida, a unguwar Sintali.

Ya sami Mero a tsakar gida tana tsince wake a faifai, ta kusanto da shi dab da idon dama. Ya karanta mata tsarin daga farko har ƙarshe.

"Gidan wa muka fara sauka?" ta tambaya.

"Gidan Goggo Aishatu. Garwa ce a bakin hanya."

"Wato in kwance kaya a gidan auta, in sha ruwanta, in ci tuwonta, alhali babban wanmu Hamma Sajo yana da rai bai gan ni ba. Labari zai riga mu isa Buwar. Zai karɓe mu, zai yi mana yanka, amma har ya mutu ba zai manta ba. Ita ma Aishatun kunya za ta hana ta sakewa. Kwana nawa ka ba kowane gida?"

"Ɗaya."

"Ranar da baƙo ya sauka, ruwa ake ba shi ya huta, ba a ƙirga ta. Washegari a yi masa yanka. Rana ta biyu dangi da maƙwabta su zo gaisuwa. Rana ta uku ya nemi izinin tafiya, a hana shi, ya sake nema. A wace ranar cikin waɗannan kake so mu gudu?"

Ta ci gaba da tsintar wakenta, ta sake tambaya:

"Shi kuma tekun nan, ɗan wa ne a cikin danginmu?"

A nan Yawunde da Duwala suka fita daga tafiyar. Mero ta ce takardu nasa ne, hanya tata ce. Shi ya nemo fasfo biyu, da katin allurar shawara, da bizar Afirka ta Tsakiya wadda sai da ya aika fasfunan Legas ta hannun wani aboki. Ita kuma za ta nemo kwanaki.

Inda ta nemo su shi ne kasuwar shanu ta Iware. Sau uku Siddiq ya kai ta a kan babur ɗinsa cikin watan Nuwamba. Takan zauna a rumfar masu nono, ta sa a kira mata fataken da suka gangaro da shanu daga Mambila da Banyo, da direbobin da ke ɗaukar su. Siddiq yana gefe da biro, da farko yana jin nauyin a ga ma'aikacin gwamnati yana rubuta maganar 'yan kasuwa. Can ya lura da yadda take aikin. Kowace tambaya mutum uku take yi wa, ba a gaban juna ba. Daga Gembu zuwa Banyo awa nawa? Wani ya ce huɗu, wani ya ce shida, wani ya ce ka dai ba ta yini. Sai ta ce wa Siddiq, "Rubuta yini."

"Dada, ai matsakaici ake ɗauka. Haka ake yi a aikinmu."

"Mai cewa huɗu direba ne, fasinja yake nema. Mai cewa yini ya taɓa tura mota a hanyar. Rubuta nasa."

Ba ta tambayar nisa ko sau ɗaya. Tana tambayar wace rana mota ke cika a tasha, wace rana take yini ba fasinja, a wane gari mace tsohuwa za ta sami ɗakin kwana mai ƙofa, ƙarfe nawa ma'aikatan iyaka ke tashi. A nan ta ji cewa hanyar da ta tashi daga Buwar kai tsaye zuwa kudancin Chadi, wadda a taswirar Siddiq ta fi kowace gajarta, fatake sun daina bin ta a wannan shekarar saboda 'yan bindiga. Ta ce a share ta.

A farkon Disamba ta kira shi ta ajiye faifai a gabansa. Ta jera ƙwayoyi a da'ira, tana taɓa kowace da yatsa. Wake ranar hanya ne, guda goma sha uku. Gyaɗa ranar zama ce, guda goma: huɗu na Sajo don shi ne babba, uku na Hadi, uku na Aishatu. Ba za su shiga Kamaru ta Yola ba, don wannan hanyar Garwa take faɗawa. Za su bi ta Bali da Serti su hau tsaunin Mambila zuwa Gembu, su tsallaka Banyo, su bi Tibati da Maiganga, su isa Buwar a wake na shida. Daga can su yi arewa zuwa Lere, sannan Garwa, sannan Yola, sannan gida.

A tsakiyar faifan akwai tsakuwa huɗu.

"Waɗannan fa?"

"Kwanakin da ba namu ba ne. Hanya za ta karɓi abinta. Gara mu ware mata tun daga gida da ta ɗiba a cikin gyaɗar wani."

"Kwana huɗu a banza, Dada? Da su ai mun je Yawunde mun dawo."

"Ka taɓa ganin makiyayi ya fita da igiya daidai yawan maruƙansa?"

Ya ƙirga: ashirin da bakwai. Ya ce saura ɗaya. Ta ce wannan na wanka da wanki ne da barci, don ba za ta mayar wa gwamnati ɗanta da ƙurar ƙasa uku a ka ba.

Siddiq ya koma kan taswirarsa don ya kama ta da kuskure, kuma ya sami guda. Daga Buwar zuwa Lere, tunda an share gajeriyar hanya, dole mota ta ratsa tsakiyar Garwa. Ga shi Hadi ya girmi Aishatu. In sun sauka gidanta sun tsallake Hadi. In sun wuce ba ta sani ba, wani zai gan su a tasha ya kai mata labari, abin ya fi muni. Ya kawo mata wannan da ɗan jin daɗin wanda ya ci gardama.

Mero ta ce ta daɗe da ganin wannan matsalar. Ziyara tana farawa ne daga inda baƙo ya cire takalmi ya sha ruwan gida. Tasha ba gidan kowa ba ce. Aishatu za ta fito tasha da jakarta, ta shiga motar, su kwana a Figil, ta raka yayarta gidan Hadi a matsayin 'yar rakiya. In an gama da Lere sai su dawo tare, a sauka gidanta da hujja. Ta haka ma Aishatu za ta ga Hadi, wanda ita ma ta yi shekara tara ba ta gani ba.

Siddiq ya ɗauki faifan da idonsa, ya mayar da shi takarda, ya sake bugawa da tafireta. Da Matiyu ya karanta sabon tsarin, sai ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur.

"Oga, ka kawo mama ta zauna a kujerarka, kai ka je ka tsince wake."

Saura sanarwa. Mero ba ta yarda da wasiƙa ba, don sai an nemi mai karantawa, shi kuma ya karanta abin da ya ga dama. Ta sa Siddiq ya sayo kaset uku, ta zauna gaban rediyo ta yi magana da Fulatanci, kowa da nasa, ta faɗi ranar da za ta iso da kwanakin da za ta yi. Ba ta ambaci ido ba. Ta ba fataken Iware kaset ɗin, na Buwar ta hannun wani mutumin Banyo, sauran biyun ta hannun direban Garwa. Kaya kuwa jaka ɗai-ɗai ta yarda da su. Tsaraba ba ta wuce turare da huluna da turmin atamfa uku ba. Maganin ido ta raba shi biyu, rabi a jakarta, rabi a tasa, ko da ɗaya za ta ɓata.

Sun tashi ranar Litinin, sha ɗaya ga Janairu. Tsakuwar farko ta tafi tsakanin Gembu da Banyo, inda ƙarfen ƙafar Landirobar da suka hau ya karye aka kwana a wani ƙauye ana jiran maƙeri. Ban da wannan, garuruwan sun zo ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka jera su a faifai. Siddiq ya riƙa duba takardarsa a kowace tasha, har ya daina, don abin da ke ciki bai saɓa ba. Sun isa Buwar ranar Lahadi da yamma.

Sajo ba ya nan.

Matarsa Kadijatu ce ta tare su, ta rungume Mero tana kuka. Kaset ya iso, in ji ta, amma ya iso bayan kwana goma sha biyu da tafiyar maigidan. Ya bi shanu kudu, wurin kiwon rani, tare da 'ya'yansa. Tun ranar da ta saurari kaset ɗin ta aika mutum, ya je ya tarar sun tashi daga inda aka san su. Ta sake aika wani, bai dawo ba tukuna.

Mero ta cire takalmi, ta shiga, ta karɓi ƙwaryar ruwa ta sha. Sannan ta ce, "Shekararsa saba'in da huɗu."

"Mun faɗa masa, Adda. Ya ce ranar da ya daina bin shanu a haƙa masa kabari."

"Na tambayi mutum uku-uku a kan kowace gada," in ji Mero. "Ban tambayi kowa ba ko Hamma ya yi hankali."

An yi musu yanka washegari. Dangi sun zo gaisuwa. Kwana huɗun Sajo suka ƙare, ba shi ba ɗan aike. Mero ta ce a ƙara kwana ɗaya, sannan ta ce a ƙara wani. Kullum da safe takan sa a fitar mata da tabarma ƙofar gida, inda haske ya fi yawa, ta fuskanci hanyar kudu. Kadijatu ta kawo mata wata 'yar Sajo da ake cewa ta fi kowa kama da shi. Mero ta riƙe fuskar matar da hannu biyu, ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Hancin ne kawai. Amma na gode."

Ranar Asabar bayan la'asar ta ce wa Siddiq ya je tasha ya kama musu kujera biyu a motar safe.

Siddiq bai tashi ba. Shi da ya so ba kowane gida kwana ɗaya, shi ne yanzu ya ce a zauna. Akwai sauran tsakuwa guda. Bayan ita ma, zai iya buga waya Jalingo ya ce ba shi da lafiya. Mako ɗaya ba zai kashe gwamnati ba.

"Dada, saboda shi muka hau Mambila. Shekara ashirin da tara. Yanzu don kwana biyu ko uku..."

"Wa ya ce maka biyu ko uku ne? Ka san inda yake?"

"A'a."

"Ni ma ban sani ba. Amma na san inda Aishatu take. Ranar da na faɗa mata za ta fito tashar Garwa da jakarta, kuma na ba ta kwana uku na jira, duk ukun sun riga sun tafi. Na san inda Hadi yake, ya ɗaure rago. Na ba Hamma nasa huɗu, na ƙara masa biyu na hanya. In na ƙara, daga na ƙannena zan ɗiba, in je in zauna ina jiran wanda ban san ranar zuwansa ba, idon nan kuma ba jira yake yi ba. Tsakuwar da ta rage ta hanya ce, akwai wake bakwai a gabanmu. Kai kuma ba za ka yi wa aikinka ƙarya a kaina ba. Tashi."

Ya tashi. A hanyar tasha ya tsaya a gindin wani mangwaro na ɗan lokaci, sannan ya wuce ya kama kujerun. Kafin su tafi Mero ta yi wa Sajo sabon kaset ta bar wa Kadijatu. A wannan karon ta faɗi maganar ido.

Tsakuwar ƙarshe ta tafi a Ngaundere, inda zazzaɓi ya kwantar da Siddiq yini guda. A tashar Garwa sun tarar da Aishatu zaune a kan jakarta, da kwanon abinci da gorar ruwa. Kwana huɗu ke nan tana zuwa tun safe, ta ƙara ɗaya a kan abin da aka ce mata. Mero ta jawo ta bakin tagar mota ta dube ta sosai, amma da Aishatu ta miƙo gorar sai ta kau da hannu.

"Ban zo ba tukuna. Wucewa nake yi."

"Adda, kin tsufa ba ki sake hali ba. Ruwa ne fa!"

"Ruwan gidanki ne. Siddiq, sayo mana na tasha."

A Lere, Hadi ya fito tarbarsu da gudu har hularsa ta faɗi. Mero ba ta bari an shiga zaure ba. Ta tsayar da shi a rana, ta kama kunnuwansa biyu ta kusanto da fuskarsa tazarar tafin hannu.

"Ina gashin?"

"Yana wurin haƙoranki, Adda."

Sun yi kwana uku a can, suka yi uku a Garwa, inda ta sha ruwan Aishatu har ƙwarya biyu. Daga nan Yola, daga Yola gida.

A watan Mayu mutumin Banyo ya kawo kaset Iware. Muryar Sajo ce. Ya ce ya iso Buwar bayan kwana tara da tashinsu, ya saurari saƙonta sau uku. Ya ce da ta jira shi ta bar yara a tasha da ya yi mata faɗa. Ya ce da zarar shanu sun koma tudu zai taso, ta hanyar da ta bi.

Zuwa ƙarshen Agusta idon hagu ya rufe. Na dama yana gane fuska da hasken safe idan mutum ya matso kamu ɗaya. Fataken Iware sun ce ruwa ya yanke hanyar Banyo a wuri biyu. Siddiq yana zuwa kasuwar kowane mako, yana tambayar mutum uku, ba a gaban juna ba. Har yanzu bai sami wanda ya ga Sajo a hanya ba, bai kuma sami wanda zai ce ya bar shi a Buwar ba.